Goɗiyar Da Ba A Raɗa Wa Suna Ba

Jiya da rana, tsakanin azahar da la'asar, barci ya sace ni a kan bencin shagona, na yi wani mafarki. Kafin in faɗe shi sai na ɗan yi bayani, don kada a ce kaina ya taɓu.

Sunana Tanimu, gyaran agogo nake yi a bakin tashar Funtuwa. A cikin akwatin gilashin da nake jera agoguna, layin sama na dawaki ne. Na roba ne, ƙanana, kowanne bai wuce tafin hannu ba. Ni da 'yata ta fari muka tara su, tun tana 'yar shekara shida, ranar da ta tsinci wani baƙi mai ƙafa uku a cikin kayan wasa na gwanjo ta ƙi sakinsa. Ita ta kafa mana doka: duk dokin da ya shigo, ran kwana bakwai za a raɗa masa suna a kunne, kamar jariri. Ita ke raɗawa. Ni nawa sayen alewa.

Sunan mahaifiyata na sa mata, ga ta kuma 'yar fari, don haka ban taɓa kama sunanta da bakina ba. Uwale nake ce mata. Watanta takwas ke nan a Jos tana koyon aikin jinya. Kullum suna waya da uwarta, ni kuwa sai dai a ce mini, "Ta ce a gaishe ka." In na ɗauki waya ban san me zan ce mata ba, sai in tura hoton doki. Muna da guruf a waya, mu goma sha tara masu tara dawaki, inda ake sa sababbin da kamfani ya fitar. Duk wanda aka sa, sai in tura mata. Da can tana amsawa da surutu, ta koma turo babban yatsa, daga baya yatsan ma ya ɗauke. Goɗiyar bana, gunya ce, launin madara, ƙafar gaba ɗaya a ɗage. Wata huɗu ina jiranta. Ta iso, na tura hoto. Jiya ta cika kwana bakwai, ba amsa, ba suna.

To, a mafarkin ina zaune a shago ana ruwa. Ruwan daga ƙasa yake tsatsowa yana hawa sama. Mutane sun kifar da lemominsu sun shiga ciki suna tafiya, kawunansu a bushe, ƙafafunsu ma a bushe. Ban yi mamaki ba. Na janye ƙafata daga ƙasa na duba gilashi. Layin sama babu kowa. Sai sawun kofato ƙanana a kan fuskokin agoguna, kuma duk agogunan sun tsaya a kan bakwai.

Isiyaku mai faci, maƙwabcina, yana zaune yana zare iska daga tayoyi yana ninke ta a buhu.

Na ce, "Isiyaku, ka ga garkena?"

Ya ce, "Sun wuce tun ɗazu. Sun ce su ma za su je kallo."

"Kallon me?"

"Yau ake fitar da sababbi. Kai da ke guruf ba ka sani ba?"

Goɗiyar gunya ce kaɗai ba ta tafi ba. Na same ta a aljihun rigata, tana da ɗumi kamar ƙwai. Na fita da ita.

Sai ga ni a tasha. Motocin duk kwalaye ne, gabansu leda mai haske. Kwandastan agwagwa ce. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tura ni cikin wani kwali, ta ɗaure mini idon sawu da 'yar waya ta murɗe ta baya, daidai yadda ake ɗaure dawakin in sun zo sababbi.

Na ce, "Ina za mu?"

Ta ce, "Kar ka jingina, za ka ɓata ledar."

Motar ba ta motsa ba. Garin ne ya yi ta wucewa ta gabanmu har ya ƙare.

Ofis ne babba, an rubuta a ƙofarsa, Sashen Sababbin Fitowa. A bayan tebur wata akuya ce ja, da tabarau, da gyale a kafaɗa. Akwai fayil a gabanta, ta ci rabinsa. Na yi sallama, ta amsa da cikakkiyar amsa, har da wa barakatuhu.

Na ce, "Ranki ya daɗe, dawakina nake nema."

Ta ce, "Suna ciki, sun zo zaɓe. Kai samfurin wace shekara ne?"

"Ni mutum ne, Hajiya."

"Ban ce kai tulu ba ne. Juya." Na juya. Ta ɗaga rigata ta karanta wani abu a gadon bayana. "Ai ho. Uba, mai tura hoto. An daina yin irinku."

"Tun yaushe?"

"An sa a guruf. Na bana ya fito yau. Yana magana, yana tambayar ko an ci abinci, in an danna cikinsa yana dariya. Akwai mai hula, akwai marar hula." Ta yagi wata takarda ta tauna. "Wata ɗaliba daga Jos ta sa a ajiye mata ɗaya. Da la'asar za ta ɗauka."

Na ce, "To tsohon fa?"

"Wane tsoho?"

"Wanda take da shi."

"Ana mayar da shi kanta. Ba a zubarwa, ana dai share masa ƙura ran Juma'a." Sai ta leƙa aljihuna. "Wannan kuma ba ta da suna. Abin da ya kai la'asar ɗin kwana bakwai ba suna, narkewa yake. Doka ce, ba ni na yi ta ba. Na dai ci kwafinta."

Sai na gan ni a kan kanta, cikin gilashi. Mu da yawa ne, layi-layi, iyaye maza zalla, kowa da wayarsa a hannu, kowa ƙafa ɗaya a ɗage. Na kusa da ni wani dattijo ne mai furfura. Na yi masa sannu, bai juyo ba. Ta gefen baki ya ce mini shekararsa tara a nan, ɗansa na Fatakwal, shi hoton gona yake turawa.

A wajen gilashin dawaki ne ke yawo, manya kamar na gaske, suna kallonmu. Na gane nawa duka. Ga kili, ga bidi mai guntun kunne, ga tagwayen da muka samo a Zariya. Wani danda ya manna hanci a gilashi ya ce wa na bayansa, "Wannan fentinsa ya koɗe a gemu." Na bayan ya ce, "Ai haka suke zuwa."

Baƙin nan mai ƙafa uku ya matso. Dogara Uwale ta sa masa, don ba ya tsayuwa sai an jingina shi da kwalin batir. A nan ma da kwalinsa ya zo, yana jansa.

Ya ce, "Malam Tanimu, ina wuni."

Na ce, "Dogara, ka fitar da ni. Za a ba Uwale wani uban."

"Gilashin ba a kulle yake ba."

Na tura, ya buɗe. Na ji kunya, don dattijon nan na kusa da ni ya gani. Na ce masa ya zo mu tafi. Ya ce a'a, kar a zo nemansa ba ya nan.

Dogara ya ce in hau. Da ƙafa uku yake tafiya, amma duk takun da ƙafa ta huɗu za ta yi sai ƙasa ta taso ta yi masa. A hanya ya ce, "Ka san ranar da ta raɗa mini suna, abin da ta ƙara faɗa mini a kunne?"

"Me ta ce?"

"Ta ce, kar ka damu, Babana zai gyara maka ƙafa, komai yana gyarawa."

Na ce, "Na gwada. Gam ɗin bai kama ba."

Ya ce, "Na sani. Ina wurin."

Sai ga mu a wani fili, faɗinsa ya fi na filin idi. Ruwa na ta hawa sama. Can ƙarshensa ga layin 'yan mata cikin fararen kayan asibiti, duk sun ba ni baya, suna jira a gaban wata taga. A tagar ana miƙo kwalaye masu tsawon mutum. Na gane Uwale ta yadda take tsayuwa, tana dogara nauyinta a ƙafar hagu, kamar ni. Mutum uku ne a gabanta.

Na ɗaga murya na ce, "Uwale!"

'Yan mata kusan arba'in suka juyo. Ba ita a ciki. Suka dube ni, suka ga ba nasu ba ne, suka mayar da kai.

Akuyar nan ta ofis tana gefe a kan kujera, da lasifika a wuya. Ta ce, "Malam, a nan sunan yanka ake amsawa. Laƙabi a can waje."

Na ce, "Hajiya, 'yar fari ce. Kuma sunan mahaifiyata ne."

"To sai ka yi ta tsayuwa."

Saura mutum biyu a gabanta. Na buɗe baki in ce mata ko da "ke" ne, sai hoto ya faɗo daga bakina. Hoton doki. Na sake, wani ya faɗo. Suka yi ta zubowa, na watan Sha'aban, na bayan salla, har wanda na tura sau biyu bisa kuskure. Ruwa ya kwashe su ya yi sama da su. Na sa hannu a aljihu, sai na ji goɗiyar ta yi laushi. Na fito da ita. Ƙafar da ke ɗage ta fara lanƙwashewa, launin madarar yana bin yatsuna.

"Kai, Tanimu, me kake tsiyayarwa a riga?"

Inna ce, mahaifiyata, shekara goma sha biyu da rasuwa. Tana zaune a tabarma a tsakiyar fili, ruwa na kauce mata. Faifai ne a cinyarta cike da ƙananan dawaki kamar shinkafa, tana tsince masu tsakuwa.

Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa ba ta ɗago ba.

Na ce, "Inna, takwararki ce za ta karɓi wani uban."

"Ka kira ta mana."

"Da sunanki? A gabanki?"

"Da can a bayana kake kira?" Ta hure ƙaiƙayi daga faifan. "Ni na gama da shi, Tanimu. Inda nake ba a kiran kowa, kowa ya san wurinsa. Ka karɓi suna ka ba yarinya, ka kuma sa shi a gilashi kana share masa ƙura. Shekara nawa?"

"Sha tara."

"Ko agogo ne ai ya tsaya."

"Mutane za su ce ba ni da kunya."

Ta dubi filin hagu da dama. "Waɗanne mutane? Akuya?"

Akuyar ta ce a lasifika, "Saura mutum ɗaya."

Na gwada, wallahi na gwada. Sunan ya ƙi fitowa. Inna ta yi tsaki irin nata na da, wanda take yi in na ɓarar da koko.

Ta ce, "Tun kana yaro haka kake, ba ka shiga ta ƙofa sai ta katanga. To ga katanga nan a hannunka. Goɗiya ba 'yar fari ba ce. Ba kuma ita ta haife ka ba."

Na dubi abin da ke tafin hannuna. Saura kai da wuya da kunne ɗaya. Can gaba an miƙo kwali ta taga, na ga hular sabon uban ta cikin leda, Uwale ta miƙa hannu biyu. Na kai bakina kunnen goɗiyar, kunnen bai kai ƙwayar dawa ba. Na yi bisimilla. Na ce, "Su…"

Sai ƙara ta cika filin, ta-ta-ta-ta, har ruwan ya tsaya cak a sama.

Injin bayar da iskan Isiyaku ne. Ya tayar da shi zai yi wa wata mota Sharon faci. Na tashi zaune, wuyana ya ƙage, ga yawu a hannun riga. Dawaki suna layinsu, Dogara na jingine da kwalin batir. Agogunan kowanne da lokacinsa, kamar kullum. Ba a kira la'asar ba tukuna.

Na buɗe gilashi na ɗauko goɗiyar, ƙafarta a ɗage, ba abin da ya same ta. Na leƙa waje, ba mai kallona. Ƙarar injin ma ta rufe komai. Na kai ta bakina na ƙarasa abin da na fara.

Daga nan na ɗauki waya. Ban tura hoto ba. Na danna wurin magana na riƙe, na ce, "Uwale, ni ne. Yau kwana bakwai, ba ki nan, na yi miki shisshigi na raɗa wa goɗiya suna. Suwaiba na sa mata." Wayar tana ta ƙirga daƙiƙa. Na ce, "Suwaiba tana nan lafiya. Shagon ne dai ya yi mata faɗi. Suwaiba… kin ci abinci?"

Na saki. Na aika aka sayo alewa, na ba Isiyaku biyu. Ya ce ta mece ce, na ce suna aka yi. Ya ce Allah ya raya, ya koma kan tayarsa.

Na ajiye wayar a kan gilashi kusa da goɗiyar, na ɗauki wani agogo na buɗe bayansa. Ban ga komai a ciki ba. Ana kiran la'asar wayar ta fara ruri, tana zamewa a kan gilashin, har ta je ta taɓa ƙafar nan da ke ɗage.