Shafin Jaket ɗin Obrad

A garin Leskovac kana iya zagin mutum ya yafe maka, amma ka buɗe masa taga da ƙofa lokaci guda, kun ɓata ke nan. Promaja, iskar nan da ke ratsa ɗaki ta wuce, ita ke ɗaukar laifin ciwon wuya da na kunne da rabin jana'izar garin. Stojanka kuwa ba tsoron wasa take yi mata ba. Har gobe tana rantsuwa ita ta karkatar da bakin mijinta a cikin bas kafin ya rasu, likita ya yi ta faɗin hawan jininsa.

Ɗanta Obrad kaɗai ya rage mata, mai aikin shimfiɗa tayil, shekara arba'in da ɗaya, ba mata, sai babur. Wata guda ya yi yana zaɓen rigar da zai sa ya hau babur zuwa duwatsun ƙasar Montenegro a tsakiyar Yuli. Ta fata tana dafa mutum, mai hana ruwa ta fi ta mugunta. A ƙarshe ya shigo da wata baƙar jaket, roba mai tauri a kafaɗu da gwiwar hannu da gadon baya, ƙirjinta da hannayenta kuwa raga ce zalla.

Stojanka ta ɗaga ta wajen haske, ta hango bishiyar tsakar gida ta cikinta.

"Wannan rariyar ka sayo? Taliya za ka tace?"

"Mama, dabarar ke nan. Iska ta shiga, in sha sanyi, ba sai na cire ba. In ruwa ya sauko ina da leda ta ɗorawa a kai."

"Iska a ƙirji, a guje, jiki sharkaf da zufa! Ubanka taga ɗaya ce ta gama da shi."

"Baba gishiri da barasar rakija suka gama da shi," in ji Obrad yana dariya, ya sumbaci goshinta ya fice.

Dariyar ce ta fi yi mata ciwo. Shekara talatin ta yi a kan keken ɗinki a masaƙar garin, yau yaron da ta goya zai koya mata tufa? Washegari da hantsi, yana wurin aiki, ta ciro tsohuwar rigar sanyin mijinta, ta yanka, ta yi wa jaket ɗin shafi daga ciki. Baƙi a kan baƙi, ɗinki ƙanana a jere, kowace ƙofar iska ta toshe ta. Aiki ya yi kyau, abin haushin ke nan. Ta rataye ta inda ta same ta, zuciyarta wasai.

Ranar Asabar da sassafe, gari da ɗan sanyi, Obrad ya zura jaket a gurguje saboda abokan tafiya suna ta matsa masa oda a ƙofar gida. Ta cusa masa kwalbar ajvar, miyar jan tattasai, a jaka, ta watsa ruwa a bayansa don hanya ta yi kyau.

Bayan azahar waya ta yi ƙara: Obrad na asibiti.

Abokinsa Milutin ne ya tare ta a barandar asibitin, bai san wuƙa yake caka mata ba. "Inna Stojanka, zafin nan ko kare ba ya fita. Tun kafin rana ta take yake cewa yana dahuwa, jiri na ɗibarsa. A gidan mai ya cire jaket ya ɗaure a bayan babur, wai in mun hau dutse zai mayar. Muna fara hawa sai yayyafi, kwalta ta yi santsi. Kwanar hanya ɗaya tak, babur ya zame."

Ya miƙa mata jaket ɗin. Ko ƙwarzane babu a jikinta.

Kwalta ta cinye fatar Obrad daga kafaɗa zuwa wuyan hannu, gwiwar hannun dama ta tarwatse. Likita ya ce zai rayu, amma hannun ba zai ƙara miƙewa sosai ba. Mai shimfiɗa tayil da hannun da ba ya miƙewa! Stojanka ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ta zauna gefen gadonsa da jaket a cinya, ta juya shafin ƙasa. Wata tsohuwa da ke jinyar mijinta a gadon kusa ta leƙo ta girgiza kai.

"Daga shi sai singileti a kan babur? Ai promaja ce ta buge shi, 'yar'uwa. Yaran yanzu ba sa jin magana."

Obrad ya buɗe ido. Stojanka ta yi saurin cewa, "Ɗana, masu shagon nan sun cuce ka, rigar..."

"Mama." Muryarsa a dashe take. "A gidan mai na juya cikinta. Ɗinkinki ne ya tufatar da ni tun ina jariri, ta yaya zan kasa gane shi? Na nemi almakashi, ba wanda ke da shi. Na ja da haƙori, ko zare ɗaya bai tsinke ba. Kin iya aiki."

Da ma ya zage ta, da ya fi mata sauƙi.

Wata ma'aikaciyar jinya ta turo ƙofa ta bar ta a buɗe. Tagar da ke saman kansa ma a buɗe take, labule ya ɗaga, iska ta ratsa ɗakin ta bi ta kan goshinsa mai zufa. Kafin Stojanka ta ankara har ta miƙe, hannunta na kan marfin tagar.

"Rufe mana," in ji Obrad, ya juya fuskarsa bango. "Saura hannu ɗaya."