Waƙar Hajaratu a Bakin Kanal

Shekara tara ina ba da waƙa a Zumuntar Mata ta majami'armu, wata 'yar majami'ar ƙasa mai rufin kwano a bayan Bunkure. Mu goma sha huɗu ne kacal, duk Hausawa, iyayenmu Maguzawa. Kowace Alhamis da la'asar mukan taru, a yi addu'a, a tambayi lafiyar juna, sannan Inno, uwar zumuntarmu, ta kira sunana ta ce, "Tambaya, ɗaga mana." In ɗaga, su amsa.

A ranin 1984 aka kawo wani ma'aikaci mai buɗe ƙofofin ruwan kanal, mutumin kudancin Zariya, da matarsa Hajaratu. 'Yar siririya ce, Hausarta ma ba ta nuna ba. Alhamis ɗinta ta biyu Inno ta ce baƙuwa ta ɗan taɓa mana waƙa. Ta buɗe baki, sai na ga mai buga tulu ta saki baki tana kallonta. Ba zan yi ƙarya ba, muryar akwai daɗi, kuma daɗin ne ya fi ƙona mini rai. Har da masu share hawaye! Ni shekara tara ba wadda ta taɓa yi mini ko tari.

Daga nan Inno ta raba: Alhamis ɗaya ni, ɗaya ita. Na ce to, amma ban so ba. Sai na sami hujja, wai ranar ban ruwan tumatirina ta koma Alhamis. Ranar Lahadi kuwa in zauna can baya, kafin a gama albarka na fice.

Na ce ai Allah yana ko'ina, zan yi addu'ata a gona. Makon farko na yi. Zuwa na huɗu, in na durƙusa ba abin da ke zuwa bakina sai lissafin wadda ta yabi Hajaratu da wadda ba ta zo dubana ba. Na daina durƙusawar ma. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai, don na ga ba waƙa kaɗai nake shirin rasawa ba, amma girman kai ya hana ni komawa.

Alhamis ta bakwai ina tsakiyar fangalin tumatirina, laka har ƙauri, sai na hango matan zumuntarmu a jere kan gaɓar kanal, da zanen zumunta, da tulu, da kwanduna.

"Tunda ruwa ya hana ki zuwa, mun kawo miki zumuntar," in ji Inno. "Ku shiga ku tsinke mata."

Suka bazu cikin tumatir. Na rasa inda zan sa fuskata. Can sai Hajaratu ta ɗaga wata sabuwar waƙa da ta shirya:

"Mai kishi, taso ga ruwa,
Yesu na kira, mai kishi, taso."

Jini ya hau mini ka. Na yar da fartanya.

"Da ni kike?" na ce. "Har gonata za ki biyo ni da habaici? To, ina kishin! Na yi kishin! Daga zuwanki kin ƙwace mini wuri, sannan ki sa ni a waƙa?"

Hajaratu ta tsaya da tumatir biyu a hannu, tana duban Inno kamar wadda aka mara ba ta san laifinta ba.

Inno ta dafa kafaɗarta. "'Yata, me kike nufi da kalmar nan?"

"Wanda yana so ya sha ruwa, Mama," in ji ta.

Ƙishi take nufi. Harshenta ne bai iya fitar da kalmar yadda muke fitar da ita ba, kuma duk matan sun gane haka tun a majami'a. Ni kaɗai na ji abin da ke cikina.

Wata ta fara ƙunshe dariya, Inno ta harare ta. Sannan ta juyo gare ni. "Ba wanda ya kira sunanki, Tambaya. Amma gara da kika amayar da shi a gabanmu. Da ke kaɗai ce, da shi za ki mutu."

Kunya ta rufe ni, na zauna a kan kunyar fangali ina kuka, kukan da na yi mako bakwai ina haɗiyewa. Inno ta sa aka kewaye ni aka yi addu'a. Da suka ce amin, na ji nawa bakin ma ya faɗa.

Hajaratu ta tsuguna kusa da ni, ita ma idonta ya yi ja.

"Yaya, ki koya mini yadda ake faɗa daidai. Zan gyara."

Na share fuska da gefen zane.

"Kada ki gyara yau," na ce. "Sake ɗagawa yadda kika yi. Mai kishin ma tana bukatar ruwan."