Takardar da Rufa'i Ya Kai Zurmi

'Ya'ya maza biyu Rufa'i tela ya binne a Kaura Namoda, ba wanda ya kai wata shida. Shi ya sa da matarsa Kulsumu ta sake samun ciki, ya kai ta asibiti aka ɗebi jininta. Sakamakon ya yi jinkiri, bai fito ba sai da ta tafi gidan iyayenta a Zurmi, ta haifi namiji, ana ta shirin suna.

Likitar ta zaunar da shi, ta ba shi takardar sakamakon. Ta ce sojojin jini suna aika wa juna saƙo idan cuta ta shigo, kuma a jikin kowannensu akwai ɗan abin cafke saƙon. A jinin Kulsumu wani yanki na abin nan ya zo a lalace. Ita lafiyarta lau, amma ɗa namiji kan iya gado.

"Kada a yi masa allurar tarin fuka sai mun gwada shi. Tana ceton 'ya'yan kowa, shi kuwa tana iya kashe shi. In an riga an yi, ku kawo shi ranar."

Rufa'i ya kira Kulsumu, wayar ba ta shiga, sati guda ke nan babu sabis a can. Ya san surukarsa Adda sarai. Tsohuwar ungozoma ce, ita ke bi gida-gida tana kunyata masu ƙin rigakafi, jikanta kuwa ai shi ne na farkon layi.

Ya hau babur ya nufi Zurmi. A hanya aka tsayar da kowa awa biyu, wai an ga 'yan bindiga sun tsallaka da shanu. Masu motoci suna ta hira abinsu, shi yana jin kamar ya shaƙe su.

Ya faɗa gidan ko sallamar kirki babu, abin da suruki ba ya yi. Adda na bakin murhu tana dafa ruwan wankan jego.

"Lahiya, ɗan nan?"

"Inna, allura... an yi mashi?"

Ta washe baki. "Mu jahilai muke? Tun jiya ni kai shi da hannuna!"

Ya miƙa mata takardar, ya faɗi abin da likita ta ce. Ludayin ya suɓuce mata. Kulsumu ta fito daga ɗaki riƙe da jaririn, kodayake jego ya hana ta fita kafin arba'in.

Adda ta kwance zanen kafaɗarta ta miƙa wa 'yarta.

"Goya shi. Ku tai asibiti. Wanda ya tambaya, ni na ce."