Ranar da Baba Ya Taka

Ni na karɓi takardar daga hannun mai raba wasiƙu, ina tsaye a ƙofa da tsintsiya. Sunan Baba ne a bayan ambulan, da tambarin ofishin kula da hanya. Ban jira shi ba na farke, don tun rasuwar Umma ni ke buɗe komai a gidan nan, daga takardar wuta har gwangwanin madara. Na karanta layin farko na fashe da dariya. Wai an ci Baba tara saboda gudun wuce ƙa'ida.

Baba fa! Mutumin da 'yan unguwa ke kira Hawainiya a bayan idonsa, wani lokaci ma a gabansa. Tun kafin a haife ni yake tuƙa bas ɗin wata makarantar firamare, kuma ko kaza bai taɓa bugewa ba. Idan ya ɗauke mu a tsohuwar motarsa ta gida, masu keke kan wuce mu suna ɗaga mana hannu. Umma tana kujerar gaba, jaka a cinya, tana ta tsaki. "Direba," haka take kiransa, "don girman Allah ka ɗan taka mana. Kafin mu isa an watse." Shi kuwa sai ya gyara madubi, ya ce mata ai titin ba guduwa zai yi ba. Rigimarsu ke nan, kuma ban taɓa ganin ɗayansu ya gaji da ita ba.

Sai idona ya sauka a kan kwanan watan, na daina dariya. Ranar ce. Ranar da Umma ta dafe ƙirji a kicin da hantsi, ina wurin aiki, Yaya yana shagonsa, Baba kaɗai ne a gida don makaranta na hutu. Shi ya ɗauke ta ya sa a mota. Kyamarar da ke kan titin asibiti ta kama shi yana gudun da ya kusa ninka abin da doka ta yarda. Akwai ɗan hoto baƙi da fari a ƙasan takardar. Na danne shi da babban yatsa, ban iya kallo ba.

Na sami Yaya a shago, rabin jikinsa a cikin wani firji da ya zazzage wa hanji. Ya goge hannu a wando ya karanta, sannan ya ɗago.

"Kin san abin da wannan ke nufi, Auta?"

Na sani. Biyan kuɗin ba shi ne damuwar ba. Da zarar an biya, laifin ya hau kan lasin Baba, kuma dokar makarantar ba ta da kwana-kwana: direban da aka samu da irin wannan gudu ba zai ƙara ɗaukar yaran mutane ba. Bas ɗin nan kuwa shi kaɗai ya rage yana tayar da Baba daga kan gado. Ba ya cin abinci sai an tsare shi, ba ya kunna rediyo, motar gida ma ya lulluɓe ta da tampol tun ranar. Amma da safe zai yi wanka, ya goge takalmi, ya sa hula, ya fita don kada yara su jira shi. Idan aka karɓe wannan, ban san me zai rage mana na uba ba.

"Akwai hanya," na ce. "Sun rubuta a bayan takardar, idan larura ce a kai shaidar asibiti, suna iya sokewa."

"Sai ya je da kansa ya tsaya gaban wani ya ba da labarin ranar daga farko. Ke za ki iya kallonsa yana yi?" Ya nuna hoton da baƙin farcensa. "Duba, daga baya aka ɗauka, ba a ganin fuska. Ga wurin da mai mota zai rubuta wanda ya tuƙa. A sa sunana. Ni da firji nake aiki, firji ba ya tambayar lasin."

"Ƙarya ke nan fa, Yaya."

"To ki ajiye gaskiyarki a firiza ta yi sanyi. Sa hannunsa kawai muke so."

Na yi musu kaɗan don in sauke nauyi, amma a raina na riga na yarda. Da a ce an nemi in rantse ni na tuƙa, ni da ban san birki daga totur ba, da na rantse.

Da la'asar muka sami Baba a falo, shayin da na haɗa masa ya huce a gabansa. Yaya ya naɗe takardar yadda wurin sa hannu kaɗai ke waje, ya miƙa masa biro, ya ce takardun mota ne za a sabunta. Nan muka yi wauta. Mun manta waye ubanmu. Mutumin da ko kwalin maganin mura sai ya karanta har sunan kamfani kafin ya haɗiya, shi za a ba abu a naɗe? Ya ce in miƙo masa tabarau. Ya warware takardar, ya shimfiɗa a gwiwa, ya bi ta da yatsa layi bayan layi. Da ya kai wurin da aka rubuta gudun, yatsan ya tsaya.

"Wannan lambar, ni ne?"

"Baba, ba komai ba ne," in ji Yaya. "Ni zan ɗauka, ka sa hannu kawai."

"Na ce ni ne na yi wannan gudun?"

"Kai ne," na ce.

Ya cire tabarau ya riƙe a hannu. Tun rasuwar ban ji ya haɗa jimla uku a jere ba, sai ranar.

"Likitan ya ce da mun zo da wuri kaɗan. Kun ji shi ai. A wurin gaisuwa kuma na ji yayar Ummanku tana cewa da wani ne ya tuƙa ƙanwarta, da yanzu tana nan. Ban ga laifinta ba, ni ma haka nake cewa. Ban tuna komai na hanyar ba, wallahi, sai danja guda da na tsaya. Kullum ita nake gani. Na ce lallai tuƙin da na saba na yi, tana gefena tana neman numfashi, ni ina lallaɓa mota."

Ban san yana ɗauke da wannan ba. Ina dafa masa abinci, ina wanke masa kaya, ina jin haushin shirunsa, ashe abin da yake ci ke nan. Na toshe baki da mayafi, kuka ya ƙwace mini.

Ya kalli Yaya. "Kana ina ranar?"

"Ina shago."

"To ka zauna a shago. Kada ka shigo mini mota." Bai ɗaga murya ba. "Abu guda na yi mata yadda take so, shi za ka sa wa sunanka?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na samu ƙofa, na ce to mu bi ɗaya hanyar, mu kai shaidar asibiti a soke, ba ƙarya a ciki, aikinsa kuma ya tsira. Ya ce mu je ya ji.

Washegari ya yaye tampol da kansa. Batir ya mutu, sai da maƙwabta suka tura. Na buɗe ƙofar gaba na ga ɗan matashin da Umma ke jingina bayanta da shi yana nan yadda ta bar shi, na rufe na shiga baya.

Ofishin dogon ɗaki ne mai kujerun ƙarfe a jere, fanka na juya iska mai zafi, kowa riƙe da takarda irin tamu yana rantsuwa ba shi ba ne. Da layi ya zo kanmu, wata mata mai ƙaton tabarau ta karɓi takardun ta ƙasan gilashi. Ta karanta ta asibitin, ta kalli Baba, muryarta ta sauka.

"Allah ya jiƙanta, Baba. Wannan mai sauƙi ce. Bari in buɗe hoton in tabbatar da lambar."

Ta juyo da allon kwamfutar gare mu. Ga motarmu daga baya, da lotsattsen bambarta. Ta gilashin baya ana ganin kawuna biyu. Na Umma ya karkata zuwa kafaɗarsa. Hular Baba kuwa ba titi take kallo ba, ta juya wajenta. Tana da rai a nan. Na matsa kusa da gilashin.

"Idan kun soke, sai me?" Baba ya tambaya, idonsa a kan allon.

"Sai a goge daga rajista. Kamar ba a yi ba."

"Kamar ba a yi ba," ya maimaita a hankali. Sannan ya laluba aljihu. "A ina ake biya?"

"Baba!" Na manta a gaban mutane muke. "Za su kore ka! Ga takardar a hannunka, ga hoton, ka ajiye su. Me zai ƙara maka don ya hau lasin?"

"Takardar da aka soke ba shaida ba ce, Auta."

"Yaran fa? Mu fa? Ka zauna a gida ka yi me, ka kalli bango?"

Matar ma ta sa baki, ta ce ya je ya yi tunani, akwai sauran lokaci. Ya yi mata godiya da ladabi, ya ce ya gama. "'Yata, duk duniya ku kaɗai kuka ce na yi sauri. Ba zan roƙe ku ku janye ba."

Na ji haushinsa kamar in yi ihu, kuma na kasa ce masa ya yi kuskure. Ina tsaye ya biya, aka buga hatimi, ya karanta rasit ɗin har ƙasa. Ya ce da safe zai kai wa shugabar makaranta makullin bas da hannunsa, ba sai ta ji a bakin wani ba, kuma zai gaya wa wanda zai gaje shi wace yarinya ce ke amai idan ta zauna a baya.

A mota bai tayar da inji nan da nan ba. Ya warware takardar tarar, ya daidaita ta da tafin hannu, ya ɗora a kujerar gaba, ya jingina ta da ɗan matashin don kada ta zame. Ya ɗan karkata kai wajen, kamar yadda yake a hoton. Ba da ni yake magana ba.

"Kin gani? Na taka."

Ya jira kaɗan. Sannan ya gyara madubi, ya sa giya, muka hau titi a hankali. Motoci suka taru a bayanmu suna danna hon, wani mai keke ya wuce mu. Kujerar gaba ba ta yi tsaki ba har muka isa gida.