Rantsuwa da Ruwan Gogra

Matadin mai fito ya tsaya ba takalmi a bakin rumfar Turawa, tsakanin giwaye da manyan rawuna, yana ba mai gadi labarin da duk lardin ya haddace.

"Ni kaɗai, ɗana. Harsashi yana zuba kamar ƙanƙara, 'yan tawaye maƙil a gaɓa, na kwantar da Kyaftin Harwood a cikin jirgi, na rufe shi da taru, na jibga masa kifi. Kada ma sai da ya ba ni hanya."

"Bara kada biyu ka ce, Kaka."

"Ɗayan tsorona ya kashe shi."

Yau ake rabon lada ga waɗanda suka tsaya wa Turawa lokacin da sojojinsu suka juya musu bakin bindiga. Wasu fansho suka zo nema, wasu sarauta. Shi abu ɗaya ya kawo shi: mashigin kogin Gogra, inda kakanninsa suka yi fito tun ba a san Bature ba. Ranar da ya tsallakar da Kyaftin, mutumin ya durƙusa a gaɓa, ya ɗebo ruwa a tafinsa, ya ce, "Mashigin nan naka ne har jikoki." To, wanda ya yi magana da ruwan kogi a hannu ai ya gama, ko ɗan fashi ba ya tsallake wannan. Shi ya sa da matarsa Sukiya ta ce, "Baban Munni, ka nemi shaida," dariya ya yi mata.

"Wace shaida ce ta fi kogi?"

*

Takur Jagat Singh aka fara kira. Shi ne mai ƙasar da ya ciyar da 'yan tawaye daga rumbunsa, sai da ya ga an fara cin su da yaƙi, sannan ya aika wa Turawa dawakai. Aka rataya masa takobi, aka ba shi ƙauyuka, tafinta na kiran sunayensu. Matadin ya ji sunan ƙauyensu. Ya ji an ƙara da cewa, "har da mashiginsa."

Ya ɗauka kunnensa ne ya tsufa.

Rana ta karkata kafin a zo kansa. Kyaftin ya yi ƙiba, yanzu shi ke riƙe da lardin. Ya yafa masa jan mayafi mai bakin zinariya, ya dafa kafaɗarsa, jama'a suka tafa.

"Sahib, ranka ya daɗe, mashigin fa?" in ji Matadin. "Ka rantse."

"Na rantse?"

"A gaɓa. Da ruwa a hannunka."

Kyaftin ya ɗan tattara goshi. Da gaske ƙoƙarin tunawa yake yi, kuma wannan ne ya fi yi wa Matadin ciwo. Can sai fuskar Kyaftin ta washe.

"Ƙarnin kifinka nake wankewa, tsoho."

Tafinta ya maimaita da ƙarfi don na nesa su ji. Dariya ta zagaye rumfar.

"Kada ya damu, ranka ya daɗe," in ji Takur, yana shafa takobinsa. "Ba zan raba shi da jirgi ba. Ina buƙatar barori masu biyayya."

Matadin, wanda bai taɓa rasa amsa ba ko a gaban kada, ya buɗe baki zai yi magana. Wani soja ya ja hannunsa, an riga an kira na bayansa.

*

Damina ta kawo kogin har gindin bishiyoyi. Yaron Takur na zaune a gaɓa ƙarƙashin laima, shi ke cewa wa zai hau, wa zai jira. Matadin ya roƙe shi katako da kwalta, ya ce jirgin na yoyo. Yaron ya ce ya bari sai an gama ginin sabon gidan maigida.

A tsakiyar kogi ruwa ya fara ɓulɓulowa tsakanin katakai. Mata suka ɗage kwandunansu, wani ɗan kasuwa ya fara kiran allolinsa. Matadin ya ajiye filafili, ya warware jan mayafin daga ƙugunsa, ya yage shi da haƙori. Ya cusa shi a tsagar, ya danna da diddige, har bakin zinariyar ya nutse cikin laka.

"Ku gyara zama," ya ce. "Mai mashigi ba ya son a makara."