Hannu a Kan Lasifika

Duk unguwar Hindawiyya ta Jidda babu wanda bai sha labarin makaɗan jita a bakin Abdulghaffar ba. Shekara talatin ya yi yana haɗa wa masu biki lasifika a zaurukan Jidda. Da aka fara manyan wasanni a ƙasar, wani kamfani ya ɗauke shi aikin shimfiɗa wayoyi a dandamalin bakin teku, kuma a can ya ga gwanayen kiɗan rok, irin waɗanda ake ɗaukowa a jirgi daga wata uwa duniya.

Abin dariyar shi ne bai taɓa ganinsu a cikin taro ba. Aikinsa na rana ne. Bayan la'asar ake gwajin sauti, kujeru wayam, daga ma'aikata sai iskar teku. A haka ya ga wani dogo mai gashi har kafaɗa da ke kiɗa ido rufe, ƙafa ba takalmi. Ya ga wata bahaguwa da ta tsinka tsirkiya biyu ba ta ko ɗaga kai ba.

Shi kuwa yana da wata ɗabi'a tun zamanin bukukuwa. Idan guɗa da ganguna suka cika zaure, kunne ba ya gane lasifikar da ta mutu, don haka sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗora tafin hannu, ya ji ko tana girgiza. Injiniyoyi masu kwamfuta har dariya suke masa, shi ko a jikinsa. Wata rana wani tsohon makaɗi mai furfura ya hango shi yana haka. Ya tsayar da abokan kiɗansa, ya yi masa alama kada ya ɗauke hannun, sannan ya ja sauti guda ɗaya tak, ya lanƙwasa shi, ya riƙe shi har sai da tsigar jikin Abdulghaffar ta tashi. Ba su iya yaren juna ba. Tsohon ya dafa ƙirji, shi ma ya dafa nasa.

Wannan labarin matarsa Mastura ta ji shi ya fi sau ɗari. Da ya ɗauko sai ta ce ya isa haka, ta san ƙarshensa, a bar ta ta sha shayinta lafiya.

To, sai kunne ya fara yi masa gardama. Da farko kiran waya ne ba ya ji, daga baya har kiran salla sai an taɓa shi. Likita ya ce shekarun ƙara ne suka cinye jin, ba mai dawowa ba ne. Ya ajiye aiki, ya zauna a gida. Mastura ce ta lura an yi wata uku bai ambaci tsohon ba, kuma wallahi shirun ya fi surutun damunta. Ta zauna gabansa yadda zai ga bakinta, ta tsare shi da tambaya.

"Ya ɓace mini, Mastura," in ji shi. "Ina ganin yatsunsa suna motsi, amma sautin babu. Na neme shi a kaina na rasa."

Kurumtar ya karɓa da haƙuri. Wannan rashin kuwa tsoro ya ba shi.

Mastura ba ta yi dogon zance ba. Ta kira surukinsu Hatim, mijin 'yarsu Wafa', wanda har yanzu yake kamfanin, ta ce ya san yadda zai yi. Ranar Alhamis da la'asar Hatim ya shigar da su wurin gwaji, ya zaunar da Abdulghaffar a kujerar gaba kamar babban baƙo. Mai jitar wata 'yar Jidda ce, Lama. Ta fara kiɗa, ma'aikata suna gyaɗa kai, shi kuwa ba ya jin komai sai wani gunji can nesa. Zuciyarsa ta karaya. Ya miƙe, ya gode wa Hatim, ya ce yalla a tafi gida.

Hanyar fita ta bi ta gefen lasifikokin. Bai yi niyya ba, hannun ne ya yi abin da ya saba, ya hau jikin akwatin. Daidai nan Lama ta ja wani dogon sauti. Ya shiga ta tafinsa, ya bi damtse, ya sauka a ƙirji. Sai ga sautin tsohon nan ya biyo baya, cif yadda yake, har da lanƙwasar nan ta ƙarshe.

Ya tsaya ƙiƙam, hawaye na bin gemunsa, yana ta alhamdulillahi. Hatim ya matso zai kama shi, Mastura ta hana.

"Ashe ba a kunne na ajiye shi ba," ya ce da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryarsa. "Kin tuna tsohon nan mai furfura?"

Mastura ta jawo wani akwatin wayoyi ta zauna, ta gyara mayafi, ta ɗago fuska yadda zai ga bakinta sosai.

"Na manta, Abu Wafa'," ta ce. "Faro mini daga farko."