Shaidar Kunnen Ravdna

A yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karatu kawai na iya. Inda na yi tuntuɓe a ɗauke kai.

Ravdna ta iso garke da hantsi, ana tsakiyar yi wa 'ya'yan barewa shaida. A wajenmu kiwon barewa muke yi, kowa da irin yankan da yake yi wa kunnen dabbobinsa, tun yana jariri ake zaɓa masa. Nata tsaga biyu ne a kunnen dama da ɗan gutsure a na hagu. Ta daɗe a birnin Oslo tana aikin kantin magani, can Randi ake ce mata, ba ta taɓa faɗa wa kowa inda ta fito ba. Bara mahaifiyarta ta rasu. Bana ta ce sai ta zo ta yanka shaidarta da hannunta, ko da sau ɗaya ne.

Kawu Heaika ne ya fara hango ta.

"A'a, 'yar birni! Da wannan farin takalmin za ki shiga kashin barewa?"

"Kawu ke nan. Ba ni igiya dai."

"Ungo. Kar dai ki kamo mini ƙafa, ita kaɗai ta rage mai lafiya."

Dabbobi na ta zagayawa a cikin shinge, sauro ya yi mata caa. Kunnuwan duk sun zame mata iri ɗaya, ita da take karanta su daga nesa tana yarinya. Da ƙyar ta gano wata uwa mai tsaga biyu, ɗanta na biye da ita. Ta yi ta jefa igiya tana kuskurewa, ana dariya, har ta kama ɗan. Ta durƙusa a kan ɗan barewar, zuciyarsa na bugawa a gwiwarta.

"Gwaggo," in ji wata budurwa a bayanta, "nawa ne fa."

Sunná ce, 'yar yayanta Jovsset. Ravdna ta nuna mata uwar.

"Dubi kunnen da kyau, 'yata. Shaidata ce."

Jovsset ya matso yana goge wuƙa a wandonsa. Muryarsa a ƙasa.

"Ranar da aka haife ta na buga miki waya. Kika ce in ba wanda na ga dama shaidarki, ke kin gama da warin barewa."

Ta tuna. Kanti a cike yake ranar, ta amsa masa da yaren birni, a gurguje, don kada a ji nasu a bakinta.

Sunná ta ji kunya, ta miƙo mata wuƙarta.

"To ki yanka mini, Gwaggo. Ai duk ɗaya ne."

Ravdna ta kama kunnen. Taushi, ɗumi. Ta san siffar sarai, amma hannunta bai san ta ina zai fara ba. Ta mayar da wuƙar. Kafin ta miƙe Sunná ta gama, tsaga biyu da gutsure, tsaf, ta jefa guntun kunnen a aljihu.

"Jinin uwarku ne a hannun yarinyar nan!" Kawu Heaika ya ɗaga murya, jama'a suka juya wajen Sunná.

Ravdna ta rataye igiyar a jikin shinge. Akwai wata kafa a baya, kusa da inda ake dafa kofi, wadda take bi tana yarinya. Har yanzu ba a toshe ta ba. Ta sunkuya ta sulale, ba wanda ya waiwayo.